Tsofaffin Na'urorin Faifai Da Hanyoyin Haɗa Su Da Kwamfuta

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya yi aiki da kwamfuta kafin shekarar 2000 ya san ɗan faifan nan mai kusurwa huɗu da ake kira fulofi, wanda akan cusa a bakin na'ura a ajiye rubutu a cikinsa, sa'an nan a zare shi a jefa aljihu. Fulofi ɗaya ne kawai daga cikin dangin fayafayai masu yawa da aka ƙera domin a riƙa cire su ana kai su wani wuri. Akwai na kamfanin SyQuest, akwai Bernoulli da Zip da Jaz, akwai kuma wasu da ba su daɗe a kasuwa ba. Kowannensu yana da na'urar da ke karanta shi, kowace na'ura kuma tana da hanyar da ake bi a haɗa ta da kwamfuta.

Manufar wannan maƙala ita ce ta yi nazarin waɗannan na'urori tare da hanyoyin haɗinsu. Abin da za a yi ƙoƙarin nunawa shi ne, hanyar haɗi ba ƙaramin al'amari ba ce a tarihin kowace na'ura, domin ita ce ta ƙayyade irin mutanen da za su iya sayenta, da irin saurin da za ta yi, da kuma lokacin da za a daina amfani da ita. Har ila yau, ita ce a yau take tsaye tsakanin mai bincike da rubutun da aka bari a tsohon faifai. Za a fara da bayanin kalmomi, sa'an nan a bi tarihin fayafayan, a duba hanyoyin haɗin ɗaya bayan ɗaya, a ƙarshe a kawo abin da wannan ke nufi ga masu adana rubuce-rubuce.

2.0 Ma'anar Kalmomi

Kafin a yi nisa, ya kamata a bambanta abubuwa uku da sau da yawa akan cakuɗa su. Na farko shi ne faifai, watau abin da rubutun ke kwance a kansa. Shi wani zagayayyen falle ne na roba ko na ƙarfe, wanda aka shafa wa sinadari mai karɓar maganaɗisu. Na biyu ita ce na'urar faifai, wadda ke juya shi, tana kuma da wani ɗan kai mai rubutawa da karantawa, kwatankwacin allurar garmaho. Na uku ita ce mahaɗa, watau dukkan abin da ke sada na'urar da kwamfuta.

Ita mahaɗa hawa uku gare ta. Hawa na farko shi ne siffar bakin waya da kafar da ake cusa shi, da yawan haƙoran da ke jikinsa. Na biyu shi ne aikin da kowane haƙori yake yi da ƙarfin lantarkin da ke bi ta cikinsa. Na uku shi ne tsarin umarni, watau kalmomin da kwamfuta ke faɗa wa na'ura, irin su “karanta yanki kaza” ko “fito da faifai”. Idan hawa ɗaya ya saɓa, magana ba za ta yiwu ba. Ɗalibin harshe zai gane wannan da misalin ajami. Balarabe zai iya duban wasiƙar Hausa da aka rubuta da ajami ya shaida haruffan, amma bai san abin da aka ce ba, domin siffa ce kawai ta zo ɗaya, harshen daban yake.

Game da awo kuwa, bait ɗaya shi ne wurin da harafi ɗaya na boko ke ci, kuma bit 8 ke yin bait. Kilobait ya kai bait dubu da 'yan kai, megabait ya kai kilobait dubu, gigabait kuma megabait dubu.

3.0 Taƙaitaccen Tarihin Fayafayan Cirewa

3.1 Tarin Faifai

Na'urar faifai ta farko ita ce IBM 350, wadda ta fito a Amurka cikin 1956. Tana da fayafayai 50, faɗin kowanne inci 24, kuma tana ɗaukar haruffa kimanin miliyan 5. Ba a cire fayafayanta, saboda haka in ta cika, ta cika ke nan. A 1962 kamfanin ya fito da IBM 1311, wadda ke amfani da tarin fayafayai 6 masu faɗin inci 14, a jere a kan sanda ɗaya. Ma'aikaci yakan ɗaga tarin da marfinsa ya ajiye a kanta, ya ɗora wani. Tari ɗaya yana ɗaukar haruffa miliyan 2. Daga nan ne aka soma raba faifai da na'urarsa, ya zama na'ura ɗaya tana iya hidimar fayafayai ba iyaka. Sai dai waɗannan na'urori girman injin wanki gare su, kuma bankuna da ma'aikatu da manyan jami'o'i ne kaɗai ke iya mallakarsu.

3.2 Fulofi

A 1971 IBM ya fito da fulofi na farko, mai faɗin inci 8, wanda ke ɗaukar kilobait 80 kacal. Da farko ba a yi shi domin ajiyar jama'a ba, an yi shi ne domin loda umarnin tashi a manyan kwamfutocin kamfanin. Alan Shugart, wanda a ƙarƙashinsa aka soma aikin, ya kafa kamfanin Shugart Associates a 1973, kuma a 1976 kamfanin ya fito da na'urar fulofi mai inci 5¼. Wannan girman ne kwamfutar IBM PC ta zo da shi a 1981, da kilobait 160, daga baya ya koma 360, ya kuma kai megabait 1.2 a 1984.

Kamfanin Sony na Japan shi ya ƙera mai inci 3½, wanda aka sa cikin gida mai tauri da ɗan ƙyauren ƙarfe mai zamewa. Kwamfutar Macintosh ta ɗauke shi a 1984, sa'an nan a 1987 IBM ya zo da nau'in da ke ɗaukar megabait 1.44, wanda shi ne akasarin mutane suka sani. Lissafinsa a fili yake: fuska 2, kowace fuska da'ira 80, kowace da'ira yanki 18, kowane yanki bait 512, jimla bait 1,474,560. Wannan ya ishi littafi guda in rubutu ne zalla, amma hoto ɗaya mai kyau yana iya fin ƙarfinsa.

3.3 Bernoulli Da SyQuest

Ƙarancin wurin nan shi ya buɗe kasuwa ga wasu kamfanoni biyu na Amurka. Kamfanin Iomega, wanda aka kafa a jihar Yuta cikin 1980, ya fito da Bernoulli Box a farkon shekarun 1980, da faifai mai megabait 10. An sa masa sunan Daniel Bernoulli, masanin lissafi na ƙasar Suwizalan a ƙarni na 18, saboda da ƙa'idarsa ta gudun iska na'urar ke aiki. Faifan mai laushi ne, idan ya soma juyawa da sauri sai iska ta ja shi kusa da kan karatu ba tare da sun gogi juna ba. In wuta ta ɗauke, faifan yakan saki ya yi nesa da kan, saboda haka ba ya karcewa.

Shi kuwa kamfanin SyQuest, wanda Syed Iftikar ya kafa a 1982, faifai mai tauri ya sa cikin gidan roba. Nau'insa mai megabait 44 ya zama ruwan dare a maɗaba'o'i da ofisoshin zane a ƙarshen shekarun 1980, daga baya aka yi mai 88 da mai 200. Mai tsara mujalla yakan zuba aikinsa a faifan ya aika maɗaba'a, yana da tabbacin akwai na'urar da za ta karanta shi a can. Wannan tabbaci shi ne jarin kamfanin.

3.4 Zip Da Takwarorinta

A tsakiyar shekarun 1990 Iomega ya fito da na'urar Zip, mai faifan megabait 100, watau kwatankwacin fulofi 70. An sa kuɗin na'urar ƙasa da dala 200, faifai kuma wajen dala 20, sai jama'a suka yi mata rububi. An ƙara mai megabait 250 a ƙarshen shekarun 1990, da mai 750 a 2002. Kamfanin ya kuma yi Jaz, mai faifai mai tauri na gigabait 1, wanda aka ninka zuwa 2 a 1998. SyQuest ya mayar da martani da EZ135 a 1995, kuma ta fi Zip sauri da ɗaukar kaya, amma ba ta karanta tsofaffin fayafayan kamfanin, sai ya rasa abin da ya riƙe masa abokan ciniki. A watan Nuwamba na 1998 kamfanin ya karye. Akwai kuma LS-120, mai megabait 120, wadda ta yi fice da iya karanta fulofi na yau da kullum, amma ta iske Zip ta riga ta cika kasuwa.

Zip ma ba ta tsira daga aibu ba. Wasu na'urorin sukan lalace su riƙa ƙara “ƙas-ƙas” suna neman da'irar da ba su samu, a wani lokaci har su ɓata faifan da ke ciki. Wannan ya jawo wa kamfanin ƙarar haɗin gwiwa ta masu saye a 1998.

4.0 Hanyoyin Haɗi

4.1 Wayar Fulofi

Mahaɗar fulofi gadon Shugart Associates ce. Na'urar inci 8 tana amfani da waya mai layi 50, ƙananan biyun kuma mai layi 34, shimfiɗaɗɗiya kamar ɗamara. A wannan tsari na'urar ba ta da wayon kanta. Kwamfuta ce ke ce mata ta kunna mota, ta matsa da kai taki ɗaya ciki ko waje, ita kuwa sai ta miƙo ɗanyen abin da kan ya ji. Fassara shi zuwa haruffa aikin wani sashe ne a cikin kwamfutar.

Waya ɗaya tana ɗaukar na'ura biyu a kwamfutar IBM. Domin a bambanta su, sai aka tsaga layuka na 10 zuwa 16 aka murɗa su kafin bakin ƙarshe. Na'urar da ke bayan murɗin ita ce A, ta gabansa kuma B, dalilin da ya sa har yau babban faifan kwamfuta mai Windows yake amsa sunan C ke nan. Gefe ɗaya na wayar yana da jan layi mai nuna haƙori na 1, kuma idan aka juya ta, fitilar na'urar takan kama ta ƙi mutuwa.

Da yake fassarar tana hannun kwamfuta, faifai iri ɗaya yana iya ɗaukar rubutu iri dabam-dabam. Tsofaffin fayafayan Macintosh masu kilobait 400 da 800 an rubuta su ne da na'ura mai sauya saurin juyi daga da'ira zuwa da'ira, saboda haka na'urar IBM ba ta karanta su, ko da yake faifan yana shiga bakinta daidai.

4.2 SCSI

Wannan mahaɗa, wadda ake furta sunanta “sikazi”, ita ma daga Shugart Associates ta samo asali a ƙarshen shekarun 1970 da sunan SASI, kafin hukumar ƙa'idoji ta Amurka ta amince da ita a 1986. Bambancinta da wayar fulofi babba ne, domin a nan wayon yana cikin na'urar. Kwamfuta ba ta damu da yawan da'ira ko saurin juyi ba, lambar yanki kawai take faɗa, na'ura ta nemo. Wannan ya sa waya ɗaya take iya ɗaukar babban faifai da na'urar SyQuest da na'urar ɗaukar hoton takarda a jere, kowace tana sarƙe da ta gabanta.

Tsarin yana da dokoki uku da mai amfani ba ya tsallakewa. Kowace na'ura tana da lamba daga 0 zuwa 7, katin kwamfuta yakan riƙe 7, kuma na'ura biyu ba sa tarayya a lamba ɗaya. Dole a sa matoshi a ƙarshen jerin ta kowane gefe, in ba haka ba saƙon lantarki yakan bugi ƙarshen waya ya dawo kamar amsa-kuwwa ya rikita wanda ke tafe. Sa'an nan tsawon wayar duka kada ya wuce mita 6. Idan an kiyaye waɗannan, saurin yana kai megabait 5 a daƙiƙa, wanda a zamanin abin yabo ne.

Kamfanin Apple ya sa kafar SCSI a jikin Macintosh Plus a 1986, ya kuma ci gaba da sa ta fiye da shekara goma. Masu kwamfutar IBM da ire-irenta kuwa sai sun sayi kati na musamman, sun buɗe kwamfuta sun dasa shi. A nan ne za a ga dalilin da ya sa SyQuest ya yi ƙarfi a maɗaba'o'i, inda Macintosh ta fi yawa, bai kuma shiga gidajen talakawa sosai ba. Jaz ma da SCSI aka ƙera ta, sai ta tsaya a hannun masu aikin sauti da hoto.

4.3 Kafar Firinta

Kusan kowace kwamfuta irin ta IBM tana da kafa mai ramuka 25 a bayanta domin firinta. An tsara ta ne ta riƙa fitar da bit 8 a lokaci ɗaya zuwa waje, ba a yi tanadin shigo da kaya ba, in ban da 'yan layukan da firinta ke sanar da cewa takarda ta ƙare ko tana cikin aiki. Masu ƙera na'urorin faifai sai suka yi dabara, suka riƙa shigo da rubutu ta waɗannan layuka, bit 4 a lokaci ɗaya, watau rabin bait. Aiki yana yiwuwa, amma da tafiyar hawainiya, kuma kwamfutar ba ta iya wani abin kirki sai an gama. Ƙa'idar IEEE 1284 ta 1994 ta kawo gyara da hanyoyi masu kai da komo, duk da haka ba ta kamo SCSI ba.

Hausawa sun ce araha ba ta ado, amma a wannan karon ita ta ci kasuwa. Na'urar Zip ta kafar firinta ba ta bukatar kati, ba ta bukatar a kwance ko ƙusa ɗaya. Mutum yakan ɗauke ta daga gida zuwa ofis, ya cusa waya, ya loda 'yar manhajar da masu gyara ke kira direba, shi ke nan. Tana kuma da kafa ta biyu a bayanta inda ake mayar da wayar firinta. Abin lura shi ne, a cikin cikinta na'urar SCSI ce, an dai sa mata wani ɗan tafinta ne mai juya maganar zuwa ta kafar firinta.

A nan ne kuma aka sami rikicin da ya fi kowanne yawa. Bakin SCSI da Apple ya zaɓa haƙora 25 gare shi, siffarsa ɗaya da ta kafar firinta. Zip ta SCSI da Zip ta firinta launinsu ɗaya, girmansu ɗaya, bakin wayarsu ɗaya. Amma kama da wane ba ta wane, domin aikin haƙoran ya saɓa gaba ɗaya, kuma cusa ɗaya a kafar ɗaya yana iya lalata na'urar ko kwamfutar. Hanyar ganewa ita ce a duba baya: ta SCSI tana da ɗan makunni na zaɓen lamba 5 ko 6, da wani na matoshi, ta firinta kuwa ba ta da su.

4.4 IDE Da ATAPI

A 1986 kamfanonin Western Digital da Compaq da Control Data suka haɗu suka fito da IDE domin babban faifai na cikin kwamfuta. Wayarta layi 40 gare ta, tsawonta ba ya wuce inci 18, kuma na'ura biyu take ɗauka, ɗaya ubangida ɗaya bara, ana zaɓa da wani ɗan maɓalli da ake cusawa a haƙoran baya. Da yake don faifan da ba a cirewa aka yi ta, ba ta da kalmomi irin su “fito da faifai” ko “an sauya faifai”. A tsakiyar shekarun 1990 sai aka ƙara mata tsarin ATAPI, wanda ke ɗauko umarnin SCSI ya naɗe shi ya tura ta wayar IDE. Da wannan ne na'urar CD da Zip da LS-120 suka sami shiga cikin kwamfuta da araha, har wasu kamfanoni suka riƙa sayar da kwamfuta da Zip a dashe. Illarta ita ce gajartar waya, wadda ta hana a fito da ita waje.

4.5 USB

An fitar da ƙa'idar USB ta farko a watan Janairu na 1996, da saurin megabit 12 a daƙiƙa, watau megabait ɗaya da rabi in an yi sa'a. Ta fi kafar firinta, ba ta kai SCSI ba, amma ta kawar da wahalhalun duka biyun: babu lamba, babu matoshi, ana cusa ta ana zarewa kwamfuta na kunne, tana kuma ba ƙananan na'urori wuta. A 1998 Apple ya fito da iMac ba na'urar fulofi, ba kafar SCSI, sai USB. A shekarar 2000 USB 2.0 ta kai megabit 480, a shekarar ce kuma filashi ya shigo kasuwa da megabait 8.

Iomega ya yi Zip ta USB, amma mahaɗar da ta sauƙaƙa haɗa ta ita ce ta kawo magajinta. Filashi faifai ne da na'ura da mahaɗa a jiki ɗaya, ba ya bukatar a tambaya ko akwai makarancinsa a inda za a je. Ga kuma faifan CD da ake rubutawa, wanda ke ɗaukar megabait 650 zuwa 700 a kan kuɗi ƙalilan. Cikin 'yan shekaru kasuwar Zip ta zube. Abin sha'awa ga mai nazari shi ne, filashi ma da umarnin SCSI yake magana a ƙarƙashin USB. Bakin waya ya sauya sau da yawa, harshen kuwa yana nan.

5.0 Abin Da Ya Rage A Tsofaffin Fayafayai

Daina ƙera abu ba ya nufin an gama da shi. Sony ya daina yin fulofi a 2011, amma rundunar sojan saman Amurka ba ta rabu da mai inci 8 a tsarin aika umarnin makaman nukiliya ba sai a 2019, gwamnatin Japan kuma sai a 2024 ta soke dokokin da ke neman a miƙa takardu a fulofi. A jami'o'in Nijeriya ma, kundayen digiri da yawa na shekarun 1990 da farkon 2000 a fulofi aka ajiye su bayan an buga su a shagunan kwamfuta, kuma ba abin mamaki ba ne a sami irinsu a durowar malamai da ɗakunan ajiya na sassa.

Mai son karanta irin wannan faifai yana bukatar abubuwa huɗu a jere: faifan da bai lalace ba, na'ura mai rai, mahaɗar da kwamfutarsa ta sani, da manhajar da ta gane tsarin rubutun. Na uku shi ne ya fi tsinkewa, domin kwamfutocin yau ba su zuwa da kafar firinta ko SCSI ko IDE ko wayar fulofi. Misalin da ya shahara shi ne na mai zanen nan na Amurka, Andy Warhol, wanda ya yi wasu zane-zane a kwamfutar Amiga a 1985. Fayafayan sun yi shekaru a gidan tarihinsa da ke Pittsburgh ba wanda ya san abin da ke ciki, sai a 2014 aka sanar cewa ƙungiyar masu kwamfuta ta Jami'ar Carnegie Mellon ta fito da zanen.

Ga abin da ya kamata mai irin wannan ajiya ya sani. Fulofi mai inci 3½ na kilobait 720 ko megabait 1.44 yana karantuwa da na'urar fulofi ta USB. Mai inci 5¼, da na tsohuwar Macintosh, da na Amiga, ba sa karantuwa da ita. Su sai an nemi tsohuwar na'ura an haɗa ta da wani ɗan allo irin KryoFlux ko Greaseweazle, wanda ke tsayawa tsakanin waya mai layi 34 da USB, yana kwafe ɗanyen maganaɗisun a fassara daga baya. Faifan Zip mai megabait 100 ya fi sauƙi da na'urar Zip ta USB, kuma mai 250 da mai 750 duk suna karanta shi. SyQuest da Jaz da Bernoulli kuwa galibi sai an tanadi tsohuwar kwamfuta mai katin SCSI, abin da ke tabbatar da cewa da tsohuwar zuma ake magani.

Kafin a sa fulofi a na'ura, a buɗe ɗan ramin kulle da ke kusurwarsa in mai inci 3½ ne, ko a liƙe tsagar gefensa in mai inci 5¼ ne, domin kada a rubuta komai a kansa bisa kuskure. A zame ƙyauren a duba ko akwai fumfuna, wadda zafi da laima ke haifarwa, domin faifai mai fumfuna yana ɓata kan na'ura. A kwafe faifan gaba ɗayansa a karo na farko, saboda mai yiwuwa ba zai yarda a karo na biyu ba. Ga rubutun Hausa akwai ƙarin mataki. Kafin tsarin Unicode ya yaɗu, haruffa masu ƙugiya, watau ɓ da ɗ da ƙ, da wasu nau'o'in rubutu na musamman ake buga su, waɗanda suka ari gurbin wasu alamomi. Idan aka buɗe takardar ba tare da nau'in rubutun ba, alamomin ne za su bayyana, sai an bi an musanya su.

6.0 Kammalawa

An ga yadda fayafayan cirewa suka tashi daga tarin IBM na 1962 zuwa Zip mai megabait 750 ta 2002, da yadda kowace mahaɗa ta yi tasiri a kan na'urar da aka ɗaura mata. SCSI ta ba SyQuest da Jaz sauri ta kuma tsare su a hannun ƙwararru, kafar firinta ta kai Zip gidajen jama'a duk da nawarta, ATAPI ta shigar da ita cikin kwamfuta, USB kuma ta buɗe wa filashi ƙofar da ta rufe kasuwarsu duka. Ga sashen da ke da kundaye ko ƙamus ko tarin waƙoƙi a irin waɗannan fayafayai, aikin da ke gabansa shi ne ya ƙirga su, ya rubuta nau'in kowanne da irin kwamfutar da aka yi shi da ita, ya kwafe su tun ana samun na'urori da wayoyinsu. Na'urorin da suka rage ba a ƙera sababbinsu, kuma kowace shekara adadin masu aiki a cikinsu raguwa yake yi.